Exodus ko Talking Timbuktu: wanne ya kamata mutum ya fara ji?

Ranar Lahadin da ta wuce ƙanina da ke karatu a Bauchi yana shirin komawa, jakarsa ma tana bakin ƙofa, sai ga shi ya shigo ɗakina da wani tsohon kwalin madara da ya jawo daga ƙarƙashin gadon marigayi Baffanmu a gidanmu na Jekadafari. Kaset ne cike maƙil, wasu zaren ya warware ya cukurkuɗe, wasu rubutun biron da Baffa ya yi a jiki ya koɗe saura inuwa. Ya dire a gabana yace "Hamma, ni fa tunda nake ban taɓa zama na ji albam guda tun daga farko har ƙarshe ba, duk guntu-guntu ne a TikTok, to a cikin waɗannan wanne zan nema in sauke a waya? Guda ɗaya kawai za ka faɗa min, in ka ce goma na san ko ɗaya ba zan ji ba."

Wallahi tambayar ta min daɗi, dan ba kasafai yaran yanzu suke yin irinta ba. Amsar da na ba shi a tsaitsaye ce tunda sauri yake kar mota ta cika, shi yasa na zauna yanzu in warware ta da kyau, ƙila ta yi wa wani irinsa amfani.

Kwalin nan ba abin da babu. Akwai Shata, akwai Ɗan Maraya Jos, akwai Ɗanƙwairo, ga Don Williams, ga waƙoƙin Indiya da ko sunan fim ɗin babu a jiki. Namu na gida na ware su gefe, saboda tun yana goye yake jin su, kuma yawancinsu ba da tsarin albam aka yi su ba, waƙa ce aka rera a gaban mai ita ko a gidan rediyo, mai kaset ya zo ya jera yadda ya ga dama. Abin da yaron yake tambaya daban ne, faifan da mai shi ya zauna ya ce wannan ce ta farko, wannan ke bin ta, wannan ce za ta rufe. Da na tace sai guda huɗu suka rage a hannuna.

Thriller na Michael Jackson na fara ajiyewa. Ya fito ƙarshen Nuwamba 1982, waƙa tara, Quincy Jones ne furodusa, har yau ba a yi albam ɗin da aka saya kamarsa a duniya ba, kuma a daren Grammy na 1984, bikin ba da kyautar waƙa mafi girma a Amurka, kyauta takwas Michael ya kwashe shi kaɗai. Kyau kam yana da shi. Sai dai yaron ya riga ya san rabinsa, Billie Jean da Beat It ko a shagon aski ya ji su, kuma kowace waƙa a ciki cin gashin kanta take yi, ko ka ɗauko ta tsakiya ka maida ita farko ba abin da zai lalace. Wanda yake son ya koyi zama da albam ba a nan zai koya ba. Abu ɗaya dai da nake so kowa ya sani, amshin nan da ake ta maimaitawa a ƙarshen waƙar farko daga Soul Makossa ta Manu Dibango ɗan Kamaru aka samo shi, waƙar 1972, har sai da magana ta kai ga sulhu aka biya shi. Kayan maƙwabtanmu ne.

Zombie na Fela ya fi min wuyar ajiyewa. Waƙa biyu ce rak a faifan asali na 1976, kowace ta haura minti goma sha biyu, gefe ɗaya Zombie, ɗaya gefen Mister Follow Follow, ga Tony Allen a kan ganguna yana wani irin kiɗa kaman mutum huɗu ne suke bugawa. Faifan nan ba wasa ba ne, habaici ne ga soja a lokacin da soja ke mulki, kuma a Fabrairun 1977 sojoji wajen dubu suka afka wa gidansa na Kalakuta a Legas suka ƙone shi, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Duk ɗan Najeriya ya kamata ya ji shi ko sau ɗaya ne. Amma kusan minti biyar ake yi ana busa da kiɗa kafin Fela ya buɗe baki, kunnen da ya saba da sakan talatin zai gudu tun ba a je ko'ina ba, kuma in ya gudu da wuya ya dawo. Na ce masa wannan na uku ne, ka bari sai kunnenka ya yi ƙwari.

Saura biyu kenan, kuma a nan ne na daɗe ina juya su a hannu: Exodus na Bob Marley da Talking Timbuktu na Ali Farka Touré.

Bari in fara da Exodus tunda shi na fara sani. Ranar 3 ga Disamba 1976 'yan bindiga suka shiga gidan Bob Marley da ke Hope Road a Kingston, kwana biyu kafin wani babban wasa da zai yi, lokacin Jamaika na cikin rikicin siyasa ana dab da zaɓe. Harsashi ya same shi a hannu, matarsa Rita a ka, manajansa Don Taylor shi ya fi kowa jin jiki, amma Allah ya yi da sauran kwana duk suka rayu. Ya hau dandali ya yi wasan da raunin a jikinsa, daga nan ya bar ƙasar, ya ƙare a Landan, a can ya yi wannan albam ɗin da ya fito a Yunin 1977. In ka san wannan labarin to jin faifan zai canza maka gaba ɗaya, dan mutum ne da ya ga mutuwa ido da ido, yana zaune a ƙasar sanyi da ba tasa ba, yana waƙa.

Waƙa goma ce, biyar a kowane gefe, duka-duka bai kai minti arba'in ba. Gefen farko nauyi ne da shi, maganar zalunci, maganar masu cin amana, maganar hisabi, har ya kai ga waƙar Exodus ɗin kanta mai fiye da minti bakwai, wadda ta ɗauko ƙissar fitar Annabi Musa da mutanensa ta ɗora a kan baƙar fata da aka kwashe daga Afirka. Sai ka juya kaset, kaman an buɗe taga iska ta shigo: Jamming, Waiting in Vain, Turn Your Lights Down Low, Three Little Birds, One Love. Soyayya da kwantar da hankali. Wannan juyin shi ne albam ɗin, wanda ya tsinci Three Little Birds ita kaɗai a waya bai san daga wane duhu aka fito kafin a zo wajen ba.

Ina tuna yadda Baffa yake sa shi bayan la'asar a zaure, rediyon nan mai cin batir shida. Waƙar farko, Natural Mystic, a hankali take shigowa, kaman daga nesa, da farko ba ka jin komai sai wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa. Ina yaro sai in miƙa hannu zan ƙara murya, shi kuma ya riƙe min hannu yace "bari, yana zuwa." Mu yi shiru mu biyu, jitar bes ɗin Aston Barrett, makaɗin Bob, tana tasowa tana tasowa har ta cika zauren, ƙaninsa Carlton yana riƙe da ganga. Har yau in na sa waƙar sai na ji hannun Baffa a kan nawa. A 1999 mujallar Time ta ce shi ne albam mafi kyau na ƙarni na 20, ni dai ba da mujalla na san shi ba, a zauren nan na san shi.

Akwai maganar da ba zan ɓoye ba tunda ɗan Musulmi nake ba shawara. Bob Marley ɗan Rasta ne, kuma aƙidarsu ta ɗaukar Sarkin Habasha Haile Selassie a matsayin abin bauta ba tamu ba ce ko kusa, gefen farko na faifan kuwa cike yake da ita, ba a ɓoye take ba. Ni abin da nake ɗauka shi ne kukan wanda aka zalunta da kuma kiɗan, aƙidar na bar masa kayarsa, amma gara mutum ya shiga da saninsa. Masu cewa ai rege waƙar 'yan wiwi ce kawai, to a wannan faifan ba ita ake yi ba, wancan zancen ya fi yawa a Kaya na 1978, duk da a zama ɗaya aka ɗauki waƙoƙin su biyun a Landan.

To sai Talking Timbuktu. Wannan ya zo daga baya, 1994, kuma Baffa ma wani abokinsa mai fatauci zuwa Nijar ne ya kawo masa, kaset ɗin ko hoto babu. Ali Farka Touré mutumin Niafunké ne a ƙasar Mali, garin da ke bakin kogin Neja a yankin Tumbuktu. An haife shi 1939, shi ne ɗa na goma a wajen mahaifiyarsa kuma shi kaɗai ya rayu a cikinsu, shi yasa aka laƙaba masa Farka, wato jaki, saboda juriya da taurin kai. Mu da muka san sunaye irin su Ajuji da Barau da ake sa wa ɗan wabi, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ya yi albam ɗin ne da wani Ba'amurke makaɗin jita, Ry Cooder, a Los Anjeles, kuma ya ci Grammy da shi. Amma in ka ji faifan za ka san waye mai gida waye baƙo, Ali ne a gaba, Cooder yana bin sa a baya cikin ladabi, yana cike gurbi, bai taɓa yunƙurin ƙwace waƙar ba.

Waƙa goma ce shi ma, amma ya kai awa guda. Ba Turanci ko kalma ɗaya. Yaren Songhai ne da Bambara da Tamashek na Buzaye da kuma Fulatanci. Kuma ga abin da ya sa na daɗe a kansa: ranar da na fara sa shi a waya a tsakar gida, shekaru bayan rasuwar Baffa, Goggo tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa a faranti, ba ta ma kallo na. Waƙar farko ta fara, jita tana zagaye wuri ɗaya, sai ƙwarya ta shigo, ƙas ƙas ƙas, irin bugun da ake yi da 'yan yatsu da tafin hannu. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ɗago tace "wannan ɗan ina ne? Ai namu ne." Fulatancin Mali ba irin namu na Gombe ba ne sak, ba duka take kamawa ba, amma tana tsintar kalma nan da can tana maimaitawa tana murmushi, gyaɗar ma ta manta da ita. Matar da ba ta taɓa tambaya ta sunan wani mawaƙin waje ba, ranar sai da ta sa na maimaita mata sau uku.

Dalilin a fili yake. Kafin Ali ya taɓa jitar Bature, da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara, da kuma njarka, wani ɗan goge mai tsirkiya ɗaya wanda in ka gan shi kukuma za ka ce. Salon waɗannan ya kwashe ya zuba a kan jita. To kunnen da ya tashi da kuntigin Ɗan Maraya da gurmin Haruna Uji da kukumar Ibrahim Na Habu da kiɗan ƙwaryar Barmani Choge, me zai zama baƙo a wajensa a nan? Turawa suna jin faifan su ce ai kiɗan bulus ne irin na baƙaƙen Amurka, shi kuwa Ali da ya fara jin John Lee Hooker, wani shahararren makaɗin bulus na Amurka, cewa ya yi ai wannan kiɗan garinsu ne aka tafi da shi. Saurari Amandrai, minti tara tana tafiya a hankali kaman raƙumi da kaya, sannan ka saurari Ai Du inda wani dattijon makaɗin Amurka, Clarence Gatemouth Brown, ya shigo da nasa gogen, za ka ji inda hanyoyin biyu suka haɗu ba sai wani ya maka bayani ba.

Shi ma akwai abin faɗa a kansa dan kar in yi son kai. Ali Musulmi ne, amma njarkar nan a ƙasarsu tana da alaƙa da kiɗan aljanun ruwa, kusan yadda goge da garaya suke da bori a wajenmu, kuma shi da bakinsa bai taɓa ɓoye hakan ba. Abin da ya ƙara min ƙaunarsa kuwa, duk sunan da ya yi a duniya manomi yake kiran kansa, ya koma Niafunké yana noman rani irin na mutanenmu na Dadin Kowa, a 2004 aka zaɓe shi magajin garin, ya riƙa kashe kuɗin aljihunsa a kan hanya da magudanar ruwa da wutar lantarki, har ya rasu a Maris 2006.

Yanzu in ka ɗora su a sikeli, abu na farko da za ka duba shi ne a ina za ka ji, kuma da me. Exodus rabin daɗinsa a bes yake, sifikar waya kuwa ba ta fitar da bes, in ka sa shi a haka ka zubar da romon ka riƙe ƙashi. Sai da iyafis mai kyau ko MP ko rediyon mota. Amma fa in ya samu abin da yake so, ƙarar inji ba ta iya masa komai, bugunsa ma tafiya yake da tayar mota, kuma kafin ku kai Alkaleri ya ƙare, kana da sauran lokacin sake shi kafin gadar Dindima. Talking Timbuktu akasin haka ne, ko a sifikar waya jitar tana fita tas, amma a cikin bas ana hira ana waya ga iska ta taga, ƙwaryar nan da ƙananan abubuwan da Cooder yake yi a baya duk za su ɓace, sai ka ji kaman abu ɗaya ake ta maimaitawa, ka ce ya gundure ka alhali ba ka ma ji shi ba. Shi na dare ne, bayan isha, an ɗauke wuta, ka fito da tabarma waje saboda zafin Gombe.

Na biyu maganar yare. Mai jin Turanci zai samu abin riƙewa a Exodus nan take, duk da Turancin Jamaika ne amma a wannan faifan a sauƙaƙe yake, kwana biyu za ka ji kana bin amshin. A Talking Timbuktu ba ka da wannan igiyar, sai dai in kana jin Fulatanci ka tsinci kaɗan. Wasu wannan zai kore su. Ni kuma a gani na shi ne amfaninsa ga mai koyo, tunda ba kalmar da za ta ɗauke maka hankali dole kunnenka ya koma kan kiɗan, ka fara lura yaushe ƙwarya ta shigo, yaushe 'yan amshi suka karɓa, wace jita ce ta Ali wace ce ta baƙon. Mu da muka shekara muna jin waƙar Indiya ba mu san me ake cewa ba, wannan ba zai gagare mu ba.

Sannan ina kowanne zai kai ka. Exodus ƙofa ce zuwa Peter Tosh da Burning Spear, zuwa Lucky Dube na Afirka ta Kudu, zuwa namu Majek Fashek da Ras Kimono, hanya ce mai faɗi kuma ba za ka rasa abokan hira ba, duk majalisar da ka zauna a Bolari ko Tudun Wada akwai wanda ya san Bob. Talking Timbuktu zai kai ka wajen Toumani Diabaté mai kaɗa kora, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, da Oumou Sangaré, da Tinariwen na Buzaye, amma abin da ya fi min muhimmanci, zai dawo da kai gida. Ni bayan na daɗe da shi ne na koma na ji Ɗan Maraya da sabon kunne, na gane ashe abin da mutumin nan yake yi da tsirkiya ɗaya da gwangwani ba ƙaramin abu ba ne, da can ina jin sa ne kawai a matsayin waƙar da ake sawa a rediyo da rana.

To wanne? In kai mai gajen haƙuri ne, kana jin Turanci, kuma a hanya ko a cikin mutane za ka ji, ɗauki Exodus, ba za ka yi nadama ba, gajere ne kuma juyin nan daga gefen farko zuwa na biyu zai koya maka me ake nufi da albam cikin zama ɗaya. Amma tunda guda ɗaya yaron ya ce, kuma na san gidan da ya fito da irin abin da kunnensa ya sha tun yana ƙarami, Talking Timbuktu na ce masa. Na ce kar ka sa shi a mota, ka bari sai ka isa ɗakinka a Yelwa ka yi sallah ka ci abinci, ka kashe data dan kar saƙo ya riƙa shigowa, ka fara daga Bonde ka bi su a jere yadda mai su ya jera, kar ka tsallake ko ɗaya har Diaraby.

Daren Litinin wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga kiransa. Ko gaisawa ba mu gama ba yace "Hamma, ta huɗun nan, Sega, wane abu ne yake kuka a ciki kaman kukuma?" Nace masa njarka kenan. Yace in ya dawo hutu zai sa wa Goggo ita, kuma in ajiye masa kwalin Baffa kar kowa ya taɓa.